Malamin Bayoloji ko Malamin Aikin Gona: Wanne Na'ura Za Ta Fi Taɓawa, Wanne Zai Fi Riƙe Mutum?

Ɗan ƙanena ya samu gurbin karatu a tsangayar ilimi, aka ba shi zaɓi biyu: ko ya haɗa malanta da bayoloji, ko ya haɗa ta da aikin gona. Da ya zo gaishe ni ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na zaci zai tambaye ni wanne ya fi sauƙin ci, kamar yadda mu muka tambayi na gaba da mu a lokacinmu. Sai na ji ya ce, "Baffa, a cikin biyun nan wanne ne ƙirƙirarriyar basira ba za ta ƙwace ba?" Ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini yadda ChatGPT ya zayyana masa zagayen jini a jikin mutum kafin in gama gyara zama, har da tambayoyin gwaji a ƙarshe. Na fi shekara 20 ina riƙe da alli, kuma ƙarancin malamai ya sa na koyar da darussan nan biyu a sakandare. Abin da na gaya masa ranar shi na zauna na faɗaɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Mu fara da abin da masu bincike suka ce. A 2013 wasu malamai biyu na Jami'ar Oxford, Carl Frey da Michael Osborne, suka auna sana'o'i 702 a Amurka, suka ce kusan kashi 47 cikin 100 na ayyukan ƙasar na cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura. Malaman makaranta sun faɗo can ƙasan jerin: na sakandare ƙasa da kashi 1, na gaba da sakandare wajen kashi 3. Amma masu aikin gwaje-gwaje na yau da kullum a fannin gona da abinci, wato masu awo da gwajin samfuri iri ɗaya kullum, sun haura kashi 90. Wannan lissafi na Amurka ne, an kuma yi shi shekara tara kafin fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, saboda haka ba zan ɗora rayuwar yaro a kansa ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ma'aunin da suka yi amfani da shi. Sun ce abu uku ke yi wa na'ura wuya: aikin hannu da ido a wurin da ba a tsara ba, ƙirƙiro sabon abu, da iya zama da mutane. Duk malamin da aikinsa ya cika da waɗannan, ya kwana lafiya. Wanda kuma aikinsa ya tsaya a karanto rubutu ɗalibai na kwafa, shi ne ya kamata hankalinsa ya tashi, ko wane darasi yake koyarwa.

To a nan darussan biyu suka rabu.

Bayoloji ilimi ne da ba ya canza kama daga gari zuwa gari. Ƙwayar halittar da ake zanawa a allo a Gusau ita ake zanawa a Japan. Yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, yadda ƙoda ke tace jini, dokokin gado da Mendel ya gano a kan wake, duk an rubuta su sau dubbai, an yi musu bidiyo mai motsi da launi wanda allinmu ba zai taɓa kamowa ba. Na'ura kuwa daga rubutun da aka tara take koyo, shi ya sa ta ƙware a bayoloji ƙwarewar gaske. Ka ƙara da cewa tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta, ga manhajojin tsofaffin tambayoyi cike da wayoyin yara, suna ba da amsa suna ba da maki nan take. Malamin lesin da jarinsa shi ne haddace tambayoyin shekarun baya, shi ne na farko da kasuwarsa za ta ja baya, kuma a birane ma ta fara.

Sai dai ta fuskar buƙata, bayoloji ya yi wa aikin gona fintinkau, kuma wannan gaskiya ce da duk mai son aikin gona ya kamata ya haɗiye. Duk yaron da ke son likitanci, ko aikin jinya, ko ungozoma, ko haɗa magunguna, dole ya bi ta hannun malamin bayoloji. Akwai ma wani rashin daidaito da yara da yawa ba sa lura da shi sai sun zo cike takarda: mai neman karatun aikin gona a jami'a ana karɓar masa bayoloji a madadin darasin gona, amma mai neman likitanci ba a karɓar masa darasin gona a madadin bayoloji. Iyaye sun san haka, masu makarantun kuɗi ma sun sani. Shi ya sa makarantar kuɗi da aka buɗe a gidan haya a tsakiyar unguwa za ta iya shekara goma ba malamin gona, amma ba za ta yi zango ɗaya ba malamin bayoloji. Ga kwalejojin aikin jinya da na kimiyyar lafiya da ke ta ƙaruwa a jihohinmu, na gwamnati da na 'yan kasuwa, kowace na neman mai koyar da sassan jiki da aikinsu. Wanda ya iya bayoloji, ya kuma iya bayani, da wuya ya wuce wata uku yana zaune a Kano ko Kaduna ko Sakkwato. Albashin na iya zama abin tausayi, har wani lokaci bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, amma ƙofa a buɗe take.

Ƙofar kuma cike take da jama'a. Kowace shekara dubban yaran da suka nemi likitanci ba su samu ba, jami'o'i na tura su bayoloji, ko ilimin tsirrai, ko na dabbobi, ko na ƙananan ƙwayoyin cuta. Da yawansu suna gamawa da zaton za su yi aiki a ɗakin gwajin asibiti, sai su tarar doka ta keɓe wannan aiki ga masu digirin kimiyyar gwajin asibiti da lasisin hukumarsu. Daga nan sai su juyo aji, su yi difilomar malanta ta bayan digiri, su yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, su shiga layi ɗaya da ɗan ƙanena. Na zauna a kwamitin ɗaukar malamai, na ga yadda takardun masu bayoloji ke tsibi a kan tebur, na masu gona kuwa ba su cika hannu ba.

Aikin gona labarinsa daban ne, kuma a nan zan ɗan daɗe, don nan ne nake ganin ba a yi wa yara bayani yadda ya kamata.

Ilimin gona ɗan gida ne. Abin da ya yi a jigawar Daura ba lalle ya yi a fadamar Haɗejia ba, ranar shukar Zariya ba ita ce ta Gumel ba, kuma manomin da ke haɗa gero da wake da dawa a kunya ɗaya yana bin wani lissafi da kakanninsa suka gwada shekara da shekaru, wanda kaɗan ne daga cikinsa ya shiga littafi. Yawancin abin da aka rubuta a intanet kan noma, an rubuta shi ne kan gonakin Amurka da Turai da Indiya. Na taɓa tambayar ɗaya daga cikin manhajojin nan irin su ChatGPT yadda za a yi da ƙuduji a gonar dawa. Ta ba ni amsa mai tsari, ta ambaci juya amfanin gona da ƙarin taki da cire ciyawar kafin ta yi fure, duk daidai. Amma ba ta san manomin nan kadada ɗaya gare shi ba, ba ta san buhun yuriya ya fi ƙarfinsa a bana ba, ba ta san maƙwabcinsa na barin tasa ta zubar da iri iska na kwasowa ba. Wanda zai tsaya a bakin gona ya haɗa waɗannan duka ya fitar da shawarar da mutum zai iya bi, shi ne malamin gona mai zagayawa yana ba manoma shawara, kuma wani malami ne ya koyar da shi.

Kar a ɗauka na'ura ba ta shigo gona ba. Akwai manhajoji irin su Plantix da Nuru da ake ɗaukar hoton ganye su faɗi cutar da ke jikinsa. Nuru ma an gina ta ne da haɗin gwiwar Jami'ar Penn State ta Amurka da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ta fara da cututtukan rogo. Akwai jirage marasa matuƙi masu feshi, akwai hoton tauraron ɗan'adam da ke nuna inda shuka ke jin ƙishi, ga hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara. Amma dubi abin da kowannensu ke yi. Suna gane matsala da sauri, sannan su bar wa mutum sauran aikin. Kuma kowace sabuwar na'ura da ta iso, sai an nemi wanda zai koya wa mutane ita da Hausa, a gona, da rana tsaka. Ni a ganina waɗannan kayan sun ƙara wa malamin gona aiki ne.

Ka tuna 2016. Ƙwaron tumatirin nan da manoman Kadawa da Kura suka sa wa suna sharon ya share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina cikin 'yan makonni, kwandon tumatir ya ninka kuɗinsa sau da yawa. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Afirka, kuma Najeriya na cikin wuraren farko. A 2023 cutar citta ta durƙusar da manoman kudancin Kaduna. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin littafin da na yi karatu da shi. Duk lokacin da irin haka ta faru, mutanen da ake nema su ne waɗanda za su shiga gona su duba, su gwada magani a ƙaramin fili, su dawo su koyar da malaman gona, su kuma su kai wa manoma. Na'ura sai an tara mata bayani tukuna take iya magana, masu tara bayanin kuwa su ne waɗannan mutane.

Arewa kuma tana da gidajen wannan ilimi. Samaru ta fara a matsayin tashar binciken gona tun 1922, ta zama cibiyar binciken aikin gona ta IAR a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kusa da ita ga NAERLS mai kula da isar da bincike ga manoma, ga NAPRI a Shika mai binciken dabbobi. Jami'ar Bayero na da cibiyar noman yankunan da ke da ƙarancin ruwa tun 2012. Ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai aikin alkama da gero, ga Kwalejin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga jami'ar aikin gona ta tarayya a Zuru. A ƙetaren iyaka, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, na da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai. Daga Samaru ne aka fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, waken da aka sanya wa kariya daga tsutsar da ke huda kwanso, wanda ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa kamar sau biyu. Har yau ana muhawara a kan irin da aka sauya wa halitta, a rediyo da majalisun unguwa da masallatai. Manomin da ke son sanin gaskiyar lamarin kafin ya zuba a gonarsa, yana son ya ji ta daga bakin wanda ya sani, ya kuma yarda da shi. Wannan misali na kawo wa yaron don ya ga aikin gona na zamani bayoloji ne sanye da takalmin roba, wanda ya raina ilimin gado da na ƙwari ba zai yi nisa a cikinsa ba.

Yanzu laifofinsa, don suna da yawa. Na farko raini. Mun yi shekaru muna mayar da gonar makaranta wurin horo, yaro ya makara a miƙa masa fartanya, sannan mu yi mamakin ya tashi yana ƙin darasin. Na biyu fili. Makarantar da na fara koyarwa a cikinta tana da gona da garken awaki da ɗakin kaji. Da na koma ziyara bayan shekaru, na tarar an yanka wajen an yi shaguna. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don malamin gonar da ba shi da gona ya koma mai karanto rubutu, wato ya faɗa cikin rukunin da na ce na'ura za ta iya maye gurbinsu. Na uku tsaro: akwai sassan Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna da fita da ɗalibai gona ya zama kasada. Na huɗu, guraben aikin sun fi ƙaranci, kuma galibinsu na gwamnati ne, sai an jira a buɗe ɗauka. Shigo da darussan sana'a irin su kiwon dabbobi da kiwon kifi a jarrabawar gama sakandare ya ɗan faɗaɗa wa malamin gona wuri, tunda shi ake miƙa wa su, amma bai kamo bayoloji ba.

Inda aikin gona ya rama shi ne hanyoyin fita. Malamin bayoloji idan ya gaji da aji, zaɓinsa kaɗan ne sai ya ƙaro wani karatu. Malamin gona kuwa yana da hukumomin raya karkara irin su KNARDA, yana da ƙungiyoyi irin su Sasakawa da ke aiki da manoman Arewa tun farkon shekarun 1990, ga kamfanonin iri a Zariya da Kano, ga masu abincin kaji da masu sarrafa shinkafa da ke neman wanda zai horar da manoman da suke saya a wurinsu. A 2024 ma an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya mai zaman kanta. Sannan akwai abin da ba kowa ya sani ba: tsarin mulkin Najeriya ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya ware noma. Ke nan malamin gona na iya yin abin da yake koyarwa da yamma da ranakun hutu, ba tare da ya saɓa doka ba, gonarsa ta zama masa ɗakin gwaji kuma rumbu. A 2022 da ƙungiyar ASUU ta yi yajin aikin wata takwas aka riƙe albashi, malaman jami'a da na sani waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu 'yar gona ko ɗakin kaji.

Ga wanda ke hangen koyarwa a jami'a ko kwaleji, ga yadda nake ganin abin zai zo. Ba za a wayi gari a sallami malamai a ajiye kwamfuta a kujerarsu ba. Abin da zai faru ya fi haka shiru: wani zai yi ritaya, a ƙi ɗaukar madadinsa. Kuma inda hakan zai fi sauƙi shi ne manyan azuzuwan shekarar farko, inda ɗalibai ɗaruruwa ke cika zaure suna sauraron malami ɗaya ta lasifika, jarrabawarsu ma a kwamfuta ake yi a yi maki. Bayolojin shekarar farko na cikin irin waɗannan. Idan aka naɗi darasin sau ɗaya, aka haɗa shi da manhaja mai amsa tambaya, hukumar makarantar da ke kukan kuɗi za ta ga ta samu sauƙi. Digirin aikin gona zalla kuwa shekara 5 ne, a ciki akwai shekara guda ta aikin hannu a gona, inda ɗalibi zai yi huɗa, ya yi shuka, ya yi wa dabba allura, ya auna amfanin da ya girbe. Wannan ba ya yiwuwa sai da malami a tsaye kan ƙananan rukuni. Haka batun kundin kammala karatu. Yau ɗalibi na iya sa na'ura ta rubuta masa babi uku a dare ɗaya, amma ba za ta tsirar masa da masara a filin gwaji ba, kuma malamin da ya taka ya je ya ga filin ya san wanda ya yi aiki.

A matakin bincike bayoloji ne ya fi shan sauyi. Manhajar AlphaFold da ke hasashen siffar furotin ta taƙaita aikin shekaru zuwa sa'o'i, har masu ita biyu, Demis Hassabis da John Jumper, suka samu rabo a kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. Wannan alheri ne ga matashin Arewa mai kwamfuta da intanet, don wani sashen binciken yanzu ba ya buƙatar injin miliyoyi. Amma yana nufin malamin bayoloji na gobe dole ya iya lissafi da sarrafa bayanai, abin da da yawanmu muka gudo bayoloji don kauce masa. Sauran binciken da ke buƙatar ɗakin gwaji kuwa yana cin wutar lantarki da sinadaran da ake saye da dala, kuma tallafin TETFund, asusun gwamnati na taimaka wa manyan makarantu, ba ya isa kowa. Mai binciken gona da fili da iri da ma'auni da littafin rubutu zai iya fitar da aikin da za a buga.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne? Wanda zamansa a birni ne, yana buƙatar aiki da zarar ya gama bautar ƙasa, kuma yana da baiwar bayani, ya ɗauki bayoloji, da sharaɗin ya zama malamin gwaji. Yara da yawa na gama sakandare ba su taɓa leƙa madubin ganin ƙananan halittu ba sai ranar jarrabawar WAEC. Malamin da zai kawo fatar albasa, ya ɗebo ruwan kududdufi, ya sayo zuciyar rago a mahauta ya buɗe ta a gaban aji, iyaye za su neme shi ko da kowane yaro na da waya a aljihu. Ga 'ya'yanmu mata kuma akwai ƙarin dalili, don makarantun 'yan mata na ƙishin malamai mata na kimiyya, kuma akwai darussan jikin mace da yarinya ba za ta ɗaga hannu ta yi tambaya a kansu ba sai a gaban mace. Amma kada a ɗauka gona ba ta mata ba ce. Awaki da kaji da sarrafa gyaɗa da shinkafa a hannun matan karkara suke, malamin gona namiji kuwa iyakarsa zaure. Macen da ta karanta aikin gona tana shiga inda shi ba ya shiga, kuma ƙungiyoyin raya karkara neman irinta suke yi ido rufe.

Shi ɗan ƙanena na ce masa ya ɗauki aikin gona. A ƙauye ya tashi, ya san bambancin kaura da farafara tun daga ganye, yana da gonar gado da zai koma wa, kuma ba ya jin kunyar a gan shi da laka a ƙafa. Na gindaya masa sharuɗɗa uku: kada ya yi wasa da darussan bayoloji da sinadarai da za a ba shi a shekarun farko, don makarantar da ta ɗauke shi watarana za ta iya miƙa masa ajin bayoloji kamar yadda aka miƙa mini, ya koyi ƙididdiga da kwamfuta sosai, kuma ya riƙa amfani da manhajar nan da ya nuna mini kullum, yana gwada amsarta da abin da ya gani a gona, yana rubuta inda ta yi daidai da inda ta kauce.

Ya cike takardarsa ran Litinin. Na ba shi kunya goma sha biyu a bayan gidana, zai shuka waken gida a shida, SAMPEA 20-T a shida, ya riƙa ƙirga feshi da kuɗin da ya kashe a kowane ɓangare har zuwa kaka. Ya riga ya sayo littafin rubutu mai bango mai tauri, ya ja layi a shafin farko, muna jiran ruwa ya zauna.